Ƙwallon kumfa da jatan landen roba

Na daɗe ina raina ƙwallon kumfar nan mai yawo a saman ruwa da ake ɗaura wa zaren fatsa, ina ganin kayan masu koyo ne. Jiya na sauya ra'ayi.

Da asuba muka shiga wani tafki kusa da gaɓar teku, ruwan gishiri ne marar zurfi, bai kai mita 2 ba, ƙasansa duk ciyawa. Duk jifar da na yi, ƙugiyata sai ta dawo da ciyawa. Abokin tafiyata ya miƙo mini ƙwallon, ya ce in gwada. Samansa a lotse yake kamar ƙoƙo, waya ta ratsa tsakiyarsa da 'yan duwatsu a jiki. Na ɗaura zare kamar santimita 60 a ƙasansa, na sa jatan lande na roba.

Idan ka fizgi sanda, ƙwallon ya daki ruwa ya yi "ɓul", duwatsun su yi ƙas-ƙas, kamar kifi na farautar jatan lande a sama. Kifin da ke nesa ya ji ya matso. Ni kuwa da farko sai fizga nake ba tsayawa. Ashe a ɗan jiran da ake yi bayan fizga ne, daƙiƙa 4 ko 5, jatan landen ke sauka a hankali bisa ciyawa, kifi ya cafke.

Da na iya jira, sai na ga ƙwallon ya nutse gaba ɗaya. Wallahi har yanzu ina jin nauyin kifin nan a hannuna.