Daga Zafin Garwa Zuwa Bayan Ruwan Tello

Ni haifaffen Garwa ne, a arewacin Kamaru, kuma ruwan da na tashi na sani shi ne Binuwai, wanda yake shimfiɗe yana tafiya a hankali kamar ba ya gaggawar isa ko'ina, da damina ya cika ya batse, da rani kuma ya janye ya bar wa masu ɗibar yashi fili. Saboda haka duk lokacin da kawuna, wanda yake sana'ar kilishi a Ngaundere, ya sauko wurinmu ya shiga ba da labarin wani ruwa da mutum yake tsayawa a bayansa ba tare da ya jiƙe ba, nakan ɗauka ƙarin gishiri ne irin na manya. A wani watan Oktoba, damina tana shirin ban kwana, na rufe shago na kwana 3 domin in je in gane wa idona.

Mun tashi daga tasha bayan sallar asuba. Tsakanin Garwa da Ngaundere akwai kusan kilomita 280, kuma babu abin da zan ce game da yawancin hanyar sai gonakin auduga da masara, da kuma doyar da aka jibge a bakin titi a garin Mbe, inda fasinjoji suka tilasta wa direba tsayawa. Bayan Mbe ne ƙasa take miƙewa tsaye. Hawan da ake kira Falez hanya ce mai lanƙwasa a jikin dutse, manyan motoci suna rarrafe a kanta suna fitar da baƙin hayaƙi, kuma kafin mu kai ƙarshensa kunnuwana sun toshe, matar da ke kusa da ni ta ciro zane ta lulluɓe ɗanta. Garwa ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Ngaundere kuwa tana wajen mita 1,100, kuma jiki yana gane wannan bambanci tun kafin a gaya masa.

Kawu ya tarbe ni da shayi da kilishi mai ɗumi, ya nuna mini dutsen da ke kudancin gari, wanda wani dunƙulen dutse yake zaune a ƙoƙuwarsa, ya ce daga nan garin ya samo suna, domin a harshen Mbum ma'anarsa dutsen cibiya. Da yamma ɗansa, wanda taubashina ne kuma ba ya barin wata dama ta tsokana ta wuce shi, ya kai ni magangarar Vina da ke kan hanyar Maiganga, kimanin kilomita 15 daga gari. Ruwa ne mai faɗi, ja saboda laka, kuma na yaba ƙwarai. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan Garwa, wannan ai kurkure baki ne, abincin yana gobe."

Tello, inda ruwan da kawu yake ba da labari yake, tana gabas da Ngaundere, wajen kilomita 50 a kan hanyar Belel. Mun ɗauki 'yan babur 2 tun da sassafe, hazo bai gama tashi daga kan ciyawa ba. Jar ƙasa ce, wadda ruwan sama da tayoyin manyan motoci suka yi wa kwazazzabai, kuma a wurare da dama sai mun sauka mun taka da ƙafa, masu babur su bi gefe suna tura abin hawansu. Garken shanu gudali, masu gajeren ƙaho da babban tozo, sun tare mu har sau 3, makiyayan ba su nuna alamar sun san da wata gaggawa a duniya ba. A kan itatuwa kuma na riƙa ganin amya an ɗaure a rassa, abin da ya tuna mini cewa zumar da ake sayar mana a kwalba a kasuwar Garwa daga irin wannan daji take fitowa.

Da muka bar babbar hanya, laka ta hana baburan ci gaba, sai muka ajiye su a wata ruga. Dattijon rugar yana zaune a kan buzu yana murza igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi da Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa da na hanya a duk wannan yanki, na ce, "Baffa, ruwa muka zo gani." Bai amsa nan take ba. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafata, ya ga takalmin fata mai santsi da na saba zuwa masallacin Juma'a da shi, ya dubi taubashina, sa'an nan ya kira wani jikansa da bai wuce shekara 12 ba ya ce ya raka mu, kuma ya riƙe wa baƙon nan hannu a wurin sauka. Na ji kunya, amma ban yi musu ba.

Mun yi kusan awa 1 muna ratsa gamba wadda ta fi ni tsawo, raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wani tsauni a gabanmu da zai sa mutum ya yi zaton ruwa zai faɗo. Tudun shimfiɗaɗɗe ne, sai dai wani layin itatuwa masu duhun ganye da ke nesa. Kunne ne ya riga ido. Da farko na ɗauka rurin wata babbar mota ce a kan hanyar da muka baro, amma ƙarar ba ta matsowa kuma ba ta wucewa, har sai da muka shiga kurmin, ƙasa ta yanke a gabanmu, na ga kogin da yake tafe cikin natsuwa ya iso bakin dutse ya rasa abin takawa.

Saukar ita ce wahalar tafiyar. Hanyar ba ta fi faɗin ƙafa biyu ba, saiwoyin itatuwa ne matakala, kuma kowace saiwa tana lulluɓe da gansakuka. Yaron yana tafe da takalmin roba kamar a tsakar gidansu. Ni kuwa ban yi taku 20 ba ƙafata ta zame, na zauna daɓas a cikin laka, na sulale har sai da na cafke wata kurangar daji. Taubashina ya yi dariya har da hawaye. Na cire takalman na rataye su a wuya, na ƙarasa da ƙafa tsirara, kuma sai a lokacin na fara jin ƙasar tana riƙe ni.

Ruwan yana faɗowa ne daga tsawon kimanin mita 45 zuwa cikin wani tafki, kuma a bayansa dutsen ya lotsa ciki ya zama wani katafaren kogo wanda zai ɗauki taron ɗaurin aure ba tare da an matsu ba. Dalilin hakan a bayyane yake ga duk wanda ya ɗaga kai: rufin baƙin dutse ne mai tauri, irin wanda aman wuta na zamanin da ya malala ya daskare, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya fi laushi, shi ya sa feshin ruwa ya daɗe yana cinsa yana barin rufin a rataye. Muka bi ta gefe muka shiga. Daga ciki, ruwan ya zama farin labule wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, hasken rana yana ratso shi kore-kore saboda ganyayen da ke ƙetare, ƙananan tsuntsaye kuma suna shiga suna fita ta gefensa zuwa sheƙoƙinsu. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har a ƙirji ake jin ta. Na yi wa taubashina magana, na ga shi ma bakinsa yana motsi, amma babu wanda ya ji ɗan'uwansa, sai muka haƙura muka tsaya shiru. Na ciro waya domin ɗaukar hoto, feshi ya rufe gilashin kafin in danna, kuma duk abin da na samu farin hazo ne.

Wani abu ɗaya ya ɓata mini rai, wato gwangwanaye da ledojin da waɗansu masu yawon buɗe ido suka cusa a tsakanin duwatsu. Wanda ya iya sauko da abin sha a cike ta wannan hanya ba shi da hujjar kasa hawa da gwangwaninsa fanko. Yaron ya tsince waɗanda hannunsa ya kai ba tare da kowa ya sa shi ba.

Da azahar ta yi muka yi alwala a bakin tafkin, da ruwa mai sanyin da ya sa haƙorana suka yi tsami, muka yi salla a kan wani falalen dutse. Bayan mun idar na tambayi yaron inda ruwan yake zuwa, ya nuna gangare da haɓa ya ce, "Can." Amsar ta ishe shi, ni kuwa ta sa ni tunani, domin wannan tudu na Adamawa shi ne yake raba ruwan ƙasar Kamaru. Wani ya bi kogin Sanaga ya faɗa teku a kudu, wani ya bi kogin Logon ya haɗu da kogin Shari a Njamena ya ƙare a Tafkin Cadi, wani kuma ya zama Binuwai ya wuce ta ƙofar gidanmu, ya ratsa Yola da Makurɗi har ya sadu da Kwara a Lokoja. Na shekara fiye da 30 ina kallon kogin nan a kwance, ban taɓa tambayar daga wane tsawo ya sauko ba.

Hadari ya fara haɗuwa daga gabas, masu babur kuma sun riga sun gargaɗe mu cewa idan ruwa ya sauka a kan jar ƙasar nan sai dai mu kwana a ruga. Hawan ya fi saukar sauƙi ga ƙafa, amma ya fi ta cin numfashi. Dattijon ya ba mu kindirmo a ƙwarya, ya dubi takalman da ke rataye a wuyana, bai ce komai ba. Yayyafi ya kama mu muna dab da gari.

Kawu yana kan tabarma a ƙofar gida lokacin da muka iso, ana shirin kiran magariba. Ya ƙare wa kaftanina kallo, gaba a jiƙe sharkaf, baya kuma ja wur da laka.

Na ce, "Kawu, ai ka ce ba a jiƙewa."

Ya ce, "Na ce ruwan ba ya zubo maka a ka, ɗana. Ban yi maka alkawarin feshi ba. Shiga ka sake kaya, shayi yana kan wuta."