Abin da nake faɗa wa ɗalibai kafin su taso zuwa Jidda

Na sauka a Jidda a shekarar 2019 domin aikin jinya, ina ganin Larabcin da na koya a Islamiyya zai wadatar da ni. A makona na farko a asibiti, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana cewa "moya, moya", ni kuwa na yi tsaye ina kallonta, domin ruwan da na sani a littafi sunansa "ma'u". Sai da wata Bahaushiya haifaffiyar Makka, wadda kakanninta suka zo aikin Hajji da ƙafa, ta taɓo ni ta ce, "'Yar uwa, ruwa take roƙo."

Shi ya sa a yanzu, idan ɗaliban jinya da na likitanci suka tuntuɓe ni daga gida suna shirin zuwa samun horo, wanda a nan ake kira imtiyaz idan na shekarar ƙarshe ne, da harshen Hijaz, wato Larabcin da mutanen Jidda da Makka ke magana da shi, nake fara musu. Marar lafiya ba ya kuka da nahawu, kuma ɗalibin da bai gane inda ke yi masa ciwo ba, karatunsa bai amfani kowa ba a wannan lokacin.

Sai batun takardu, inda na fi daɗewa a kai saboda na ɗanɗana. Makarantar da na gama ta rubuta sunan mahaifina Mohammed, fasfona kuma yana ɗauke da Muhammad, wannan ɗan bambancin kuwa ya sa na yi watanni ina aika wasiƙu gida kafin a kammala tantance shaidar karatuna. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya a Saudiyya tana tura takardu ga kamfanin DataFlow ya bincika asalinsu, don haka nake cewa kowa ya jera takardunsa a tabarma ya duba su harafi bayan harafi tun yana gida.

Sauran abubuwan da sauƙi: makon aiki yana farawa ranar Lahadi, hutu Juma'a da Asabar, kuma mai iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, kusan duk hulɗarsa da hukuma ta manhajar Absher take bi.

Iyaye kuwa tambayarsu ɗaya ce, ko yaran za su samu yin Umra. Nakan ce musu jirgin ƙasa na Haramaini yana kai mutum Makka daga Jidda cikin ƙasa da awa guda, amma sai ranar da ɗalibi ba shi da aiki.