Rumfar Ɓuya ta Maharban Amurka da Dilan Gonata

A hunturun bara na yi asarar 'yan awaki huɗu da zabbin da ban ƙidaya ba a gonata da ke kan hanyar Alkaleri a jihar Bauchi, bayan an ƙetare gadar Dindima. Yaron da ke kwana a gonar ya dage a kan cewa karnukan ƙauye ne, har ya ambaci gidan da yake zargi, amma da na kira wani tsohon maharbi da muke ce wa Baba, sai ya tsuguna a bakin shinge ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya ce dila ne, kuma biyu ne, mace da namiji. Ya nuna mini yadda sawun ya fi na kare siranta, da yadda ya miƙe tsaf daga bakin rafi zuwa garke ba tare da yawon banza irin na karen gida ba.

A wannan makon ne na ba ɗan ƙanena labarin ta waya. Yana karatun aikin gona a jihar Kansas ta Amurka, kuma da ya ji sai ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai irin matsalar makiyayan nan ke nan, sai dai nasu dilan ana kiransa kayoti." Daga nan ya shiga turo mini hotunan bidiyo na yadda maharban can suke dakon wannan dabba a cikin wata 'yar rumfa ta yadi da ake naɗewa a rataya a kafaɗa.

Kayoti dabba ce ta nahiyar Amurka ta Arewa, daga Alaska har zuwa Fanama, kuma sunan ya shigo Turanci ne ta hanyar Sifaniyanci daga harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko. Ya ɗan fi dilanmu girma, domin nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne zumuncin da ke tsakaninsu ya wuce kamanni kawai. A 2015 masana ƙwayoyin halitta suka fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa dila mai launin ƙasa na arewacin Afirka, wanda aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne da dilan Asiya, dabba ce daban, kuma ya fi kusa da kayoti da kyarkecin Turai. Saboda haka ban ga laifin in ɗauki darasi daga masu farautar ɗan'uwansa ba.

Rumfar da na gani a bidiyon ginin lema gare ta. Akwai sanduna masu lanƙwasa da aka haɗa a tsakiyar kowane bango da kuma rufi, mutum ya ja igiya sai bangon ya bulluƙo waje, kafin minti biyu ɗaki ya tsaya, a kafa masa turaku a kusurwoyi huɗu don kada iska ta kwashe shi. Wajenta yadi ne mai zanen ciyawa da rassa, cikinta kuwa baƙi ƙirin, kuma maharbin kansa yakan sa baƙar riga domin ya saje da duhun cikin. Tana da tagogi ta kowane gefe, amma ƙa'idar ita ce a rufe na baya, domin idan haske ya ratso ta bayan mutum to inuwarsa za ta fito sarai ga duk abin da ke gabansa. Maharbin yakan ajiye wata na'ura mai lasifika can nesa da shi, ta riƙa yin kukan zomon da aka kama, shi kuwa ya zauna da bindiga a kan sanduna biyu yana jira. Idan an yi minti 20 ko 30 babu abin da ya zo, sai ya naɗe ya koma wani wuri.

Su kansu maharban can ba su haɗu a kan amfanin rumfar ba. Da yawa daga cikinsu suna ganin nauyi ne kawai ga mutumin da zai sauya wuri sau da dama a yini ɗaya, don haka sun gwammace su jingina da gindin bishiya ko kurmi su yi shiru. Masu amfani da ita kuwa su ne waɗanda ke dako a fili fetal inda babu abin fakewa, ko waɗanda za su daɗe a wuri ɗaya cikin sanyin ƙanƙara, ko masu tafiya da yaro ko sabon shiga wanda ba ya iya zama ba motsi. Na karanta wannan duka, amma ban tsaya na tambayi kaina ko a wane rukuni nake ba, domin hankalina ya riga ya tafi ga kyan abin.

Na sami wani tela a cikin garin Bauchi wanda ke ɗinka rumfunan biki, na zana masa abin da nake so a takarda, ya ɗinka mini da koren tampol sabo fil, wani mai walda kuma ya haɗa mini ƙarafa marasa nauyi da ake zurawa cikin juna. Da na kafa ta a tsakar gida na shiga na zauna, iyalina suka yi ta dariya, ni kuwa na ji kamar na gama da dila. Washegari tun kafin asuba na kafa ta a gona, taku kamar 60 daga inda dilan ke ratso shinge, na ajiye ƙaramar lasifika da na ɗauki kukan ɗan akuya a ciki ta wayata, na zauna. Ba ni da bindiga, kuma ban yi niyyar riƙe wadda ba ni da lasisinta ba. Burina a ranar in ga dilan da idona, in tabbatar da cewa dabarar tana aiki kafin in gayyato Baba. Na yi kwana uku ina wannan zama ban ga ko wutsiyarsa ba. A rana ta uku da gari ya waye, na zagaya bayan rumfar sai na ga sawu sabo a kan rairayi, ya yi baka ta bayana, ya tsaya a wani wuri inda ƙafafun huɗu suka nutse, sannan ya juya ya koma rafi. Ashe ya zo, ya sansana ni, ya tafi, ina zaune ina kallon gabas.

Da na kai Baba wurin, ya zagaya rumfar sau ɗaya, ya shafa tampol ɗin ya kai hannu hanci, sannan ya ce, "Malam, wannan ɗakin naka ko ni da hancina ya tsufa ina jin warinsa tun daga hanya, balle malamin daji." Ya ce kore ne shar a lokacin da duk dajin ya bushe ya koma ruwan ƙasa, yana ƙyalli idan hantsi ya taɓa shi, kuma yana kaɗawa da ƙara duk lokacin da iska ta motsa. Na ce masa, "Baba, ai na karanta cewa dangin kare ba sa rarrabe kore da ja kamar yadda muke yi." Ya ce shi bai san wannan ba, amma ya san dila ya san kowane kututture da kowace suri da ke kan hanyarsa, kuma idan ya wayi gari ya ga ɗaki inda jiya babu ɗaki, ba zai tsaya tambayar launinsa ba.

Maganar launin gaskiya ce, domin idon kare da danginsa shuɗi da rawaya ya fi kamawa, amma abin da ban lura da shi ba shi ne idon nasu ya fi namu saurin kama motsi da ƙyalli, kuma ido ba shi ne babban makaminsu ba. Baba ya ciro wata 'yar jakar tsumma daga aljihu ya kaɗa ta, toka ta fito ta bi iska a hankali, ta wuce ta kan rumfata ta nufi daidai inda sawun ya tsaya. Ya ce dila ba ya zuwa wa kuka kai tsaye, sai ya zagaya ya koma gefen da iska ke zubawa domin hancinsa ya gaya masa gaskiyar abin da kunnensa ya ji. Da na koma kan bidiyon ɗan ƙanena sai na tarar maharban Amurka sun yi ta faɗar wannan magana, har ma suna riƙe da 'yar kwalba ta farar hoda da suke matsawa don ganin inda iska ta nufa, ni ne dai na tsallake wurin ina sauri in ga yadda ake kafa rumfa.

A ranar ne kuma ya nuna mini burtunsa, wanda ya ce ya gada daga mahaifinsa. Itace ne da aka sassaƙa da siffar wuya da kan tsuntsun burtu, aka lulluɓe da baƙar fata, aka yi masa maɗauri da ake ɗaurawa a goshi. Maharbi yakan yafa baƙin zane ya duƙa, yana tafiya yana kai kan ƙasa kamar tsuntsu mai kiwo, barewa ko gada ta ɗago ta dube shi ta ci gaba da cin ciyawarta, domin ta saba ganin burtu a daji. A ganina wannan ita ce rumfar ɓuya ta tafi-da-gidanka ta asali a wurinmu, kuma hikimarta ta fi ta yadin Amurka zurfi ta wani ɓangare, tunda mai burtu ba ya neman kada a gan shi, so yake a gan shi a ɗauke shi wani abu da aka saba da shi. Sai dai Baba ya ce ko da burtu, idan iska ta juya ta kai warinka, aikin ya lalace nan take.

Muka sake gini bisa shawararsa. Muka bar ƙarafan, muka cire tampol, muka ɗaura tsohon zana da ya sha rana da raɓa, tsayinsa bai wuce kafaɗar mutum a zaune ba, muka soka masa karan dawa da busasshiyar gamba daga wurin don kada gefensa ya miƙe kamar bango. Bango uku kawai muka yi, bayanmu kuwa muka jingina da wata ƙatuwar suri da kurmin sabara, ta yadda babu hasken da zai fito da inuwarmu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma Baba ya ce da asuba takan kwanta, sanyi ya riƙa gangarawa kwari yana bin rafi, don haka sai da muka gwada toka a daidai lokacin da za mu yi dakon kafin muka zaɓi wuri. Muka ajiye lasifikar ta yadda idan dilan ya zagaya don ya sansana ta, zagayen zai biyo da shi ta filin da ke gabanmu. Sannan muka bar zanan a wurin kwana huɗu babu wanda ya je kusa da shi.

A asubar rana ta biyar muka shiga ta bayan surin, ba ta hanyar dilan ba. A nan ne na gane ainihin amfanin rumfar ga mutum irina. Baba yana iya zama sa'a guda kamar dutse, ni kuwa ƙafata takan yi sanyi, tari yakan taso mini, hannuna yakan kai ga wuya idan sauro ya sauka, kuma zanan ne ya rufe duk wannan. Wajen ƙarfe shida da kwata ya taɓa gwiwata da yatsa ɗaya. Dilan ya fito daga cikin ciyawa ta hagu, kunnuwa a tsaye, yana taku uku ya tsaya, ya ɗaga hanci sama, ya dubi zanan namu kai tsaye na ɗan lokacin da na ji kamar shekara, sannan ya kawar da kai ya ci gaba da zagayensa. Na ga raɓa a gashin ƙirjinsa da wani tsohon tabo a kunnensa na dama. Baba ya harbe shi da adakarsa a nisan da bai kai taku 30 ba, macen kuwa ba mu gan ta ba sai sawunta.

Kafin wani ya ɗauki wannan rubutu ya nufi daji, ina tunatar da cewa a cikin gonata muka yi wannan, a kan dabbar da ke yi mini ɓarna, da bindigar mai izini. Gandun Yankari, wanda aka keɓe tun 1956 kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, yana cikin wannan ƙaramar hukuma tamu ta Alkaleri, kuma farauta a cikinsa laifi ne da ke kai mutum kotu, ko da rumfa ko babu.

Ɗan ƙanena ya ja hankalina ga wani abu da na ga ya dace in faɗa. Gwamnatin Amurka tana yaƙi da kayoti a hukumance tun kafin dokar 1931 da ta ba ma'aikatar noma ikon kashe dabbobin da ke ɓarna, har yau jami'anta suna kashe dubun-dubata a kowace shekara, jihar Yuta ma ta fara biyan dala 50 a kan kowane guda a 2012, amma duk da haka dabbar ta bazu zuwa kowace jiha in ban da Hawai, har cikin birnin Cikago ana ganinta. Idan aka kashe na wani yanki, wani yakan shigo ya gaje wurin. Hakan kuwa aka yi a gonata, domin bayan wata biyu Baba ya ga sawun sabon namiji tare da macen a bakin rafi. Kafin lokacin na riga na ɗaga shingen garken, na binne waya a gindinsa zurfin kamu biyu, na kuma sa ana shigar da 'yan awaki ɗaki tun kafin magariba, kuma daga nan ban sake rasa ko ɗaya ba, sai zabuwa guda da ta ƙi kwana a akurki. Zanan yana nan jingine a bayan rumbu tare da ƙarafansa, koren tampol ɗin kuwa yaron gona ya rufe buhunan masara da shi.