Yau Dai Jirgin Ya Tsaya Inda Na Ce Ya Tsaya

Alhamdu lillahi. 'Yan uwa masu koyo, yau da hantsi na shigo gaɓa da jirgin ruwana a dam ɗin Dadin Kowa sau 5 a jere, ban goga jirgin kowa ba, farfela ba ta ji dutse ba. Wata biyu cur ina fama da wannan abu, har na kusa mayar wa kawuna injinsa in koma gora.

Wanda ya san dam ɗin nan ya san ba tafkin bayan gari ba ne. Kogin Gongola aka tare tun 1984, ruwan da yake ɗauka ya kai kubik mita biliyan 2.8, kuma fili ne fetal, babu abin da ke tare iska. Da hunturu ya kama, iskar arewa maso gabas sai ta riƙa dukan jirgi ta gefe daidai inda muke tsayawa. Nawa na katako ne, injin Yamaha mai doki 15.

Ga abin da nake yi a da. In saura kamar mita 20 in iso, sai in kashe inji, wai jirgi ya sulale da kansa. Goshi kam yana sauka lafiya. Amma kafin in dira in kama igiya, iska ta kwashe gindin jirgin ta maka shi a jikin na maƙwabci. Ina murza hannun inji dama da hagu, ko gezau, domin farfela ce ke juya jirgi, in ta tsaya ba ka da sitiyari. Na san wannan a kai, hannuna ne ya ƙi sani.

Ran Talata abin ya kai ni bango. Gindi ya fara zamewa, na fizgi igiyar tayarwa, na buga ribas da wuta a sama. Ƙarar da na ji har yanzu tana kunnena. Kunnen farfela ɗaya ya cire, ɗaya ya lanƙwashe. Naira 32,000 na ƙirga a Gombe kuɗin wata farfela, ban da kuɗin mota da katakon da na biya maƙwabcina. Daren nan ban ci tuwo ba.

Wani dattijo masunci da ke gyaran koma a gefe shi ya kira ni washegari. Ya ce, "Ɗana, me iska ta yi maka kake ba ta haƙarƙarinka?" Na ce, "Baba, to ta ina zan shigo?" Ya ce in sauka can ƙasan wurin tsayawata tukuna, wato ɓangaren da iska ke nufa, sannan in karkato goshi ya fuskanci iskar, in hauro a hankali. Inji kuma kada in kashe shi sai igiya ta hau turke. A silo zan bar shi, wato wuta a ƙasa: in sa giya, in cire, in sa giya, in cire, kowace turawa ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Ya kuma tuna mini cewa mota gabanta ke juyawa, jirgi kuwa bayansa ne ke zamewa, don haka idona ya rabu biyu.

Babban sirrin dai dutse ne. Saura tsawon jirgi uku in taɓa gaɓa, sai in saki dutsen da aka ɗaure wa igiya ta baya, ɓangaren da iska ke fitowa, ina sassauta igiyar ina tafiya. Da goshi ya sauka sai in ja ta ta miƙe in ɗaure. Gindi ya so tafiya, dutse ya ce a'a. Karon farko da na ji jirgin ya tsaya cak, sai da na yi kabbara da ƙarfi.

Ku kula da irin igiyar, don nan ma na sha. Shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa yawo take a saman ruwa, gwajin farko ta naɗe farfela tamau, sai da na ɗaga inji na sa wuƙa. Ga santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta, rana kuma tana cinye ta har ta riƙa gari a hannu. Na koma farar nailan. Tana nutsewa, tana kuma miƙewa kaɗan idan raƙumin ruwa ya fizgi jirgi, ba ta girgiza turke.

A turke ina zagayawa sau biyu, sannan ƙulli biyu a jikin igiyar kanta. Ko jirgi na ja da ƙarfi ana iya kwancewa. Na rataya tsofaffin tayoyin Keke Napep guda biyu a gefen da ke kallon maƙwabci.

Abin da ban gama kamawa ba shi ne ja da bayan ruwa. Rani na shigowa, gaɓa na ƙara nisa, jiya da safe na tarar da goshi ya zauna a laka, mu uku muka tura shi. Baba ya ce in riƙa matsar da turke duk bayan kwana kaɗan, in kuma tura jirgi baya taku biyu kafin in ɗaure na kwana. Haka na yi da yammar nan. Gobe bayan sallar asuba zan je in gani, in kuma gwada shigowar da buhu 6 na yashi a ciki, don jirgi mai kaya ba ya tsayawa da wuri kamar wanda ba komai.