Sai da aka ɗauke wuta na ji jitata

Kiɗan duka-duka minti biyu da daƙiƙa arba'in ne, amma ya ci mini kusan wata biyu. Jita ce zalla, ba waƙa, ba ganga. A zauren gidanmu da ke Yelwa, nan Garwa, na ƙago shi, kuma gaskiya daga garayar kawuna na tsinci karin. Shi tsirkiya biyu gare shi, ni shida, amma a kan sautuka biyar ɗin nan da muka tashi muna ji a gidajen biki na gina nawa.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsohuwar kwamfutar cinya da yayana ya gama karatu da ita a Ngaundere, da ɗan jan akwati Focusrite Scarlett Solo na hannu da wani abokina ya taho mini da shi daga Duwala, da abin sa wa a kunne. Akwatin ne ke karɓar sautin jita ya miƙa wa kwamfuta ta igiyar USB, kuma daga nan yake shan wutarsa. Manhajar ɗauka Audacity ce, kyauta ake sauke ta.

Kurakuran makon farko nawa ne, na jahilci. Ban danna maɓallin INST ba, wanda aka yi domin jita, sautin ya fito a dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. Sai na murɗa ƙara har zoben hasken da ke jikin akwatin ya koma ja, ina ganin ai ƙarfi shi ne kyau. Ashe idan sauti ya taɓa 0 a ma'auni fashewa yake yi, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Yanzu kaɗawata mafi ƙarfi ba ta wuce tsakanin -12 da -6 a ma'aunin, wato ƙasa da 0 ɗin. Jinkirin da ke sa in kaɗa tsirkiya sai daga baya kunnena ya ji, shi ma maɓallin sauraren kai tsaye da ke jikin akwatin ya kashe shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne gurnani. Da na sa abin kunne sai in ji wani zzz a ƙarƙashin komai, kamar zanzaro ya yi gida a cikin kaina. Na sayo sabuwar igiya, yana nan. Na zargi jitar, na ɗaure ta a baya na hau babur zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a babbar kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ɗora ma'auninsa a kai, ya ce, "Samari, jitarka lafiyarta lau. Ɗakinka ne ba shi da lafiya."

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatu. Wutar Kamaru 220 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautin jita, irin mai naɗin waya ɗaya kamar nawa, ba motsin tsirkiya kaɗai yake ji ba, har wannan kai da komowar yana kwasowa daga wayoyin bango, da ƙwan fitila mai araha, da caja. Ga soket ɗin gidanmu rami biyu ne, babu wayar ƙasa. Ya ce in na koma in riƙe jita in riƙa juyawa a hankali kamar mai neman tashar rediyo. Na gwada. In na fuskanci ƙofa gurnanin ya ragu, in na juya wajen taga ya taso. Ƙanwata ta leƙo ta same ni ina kewaya a tsakiyar ɗaki, ta ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Na so in yanke shi a manhaja. Tsirkiya mafi kauri tana karkarwa wajen sau 82 ne a daƙiƙa, don haka ana iya zubar da duk abin da ke ƙasa da 70 ba tare da an taɓa kiɗan ba. Uwar gurnanin, mai 50 ɗin nan, ta tafi, amma 'ya'yanta na 100 da 150 suna zaune daram a tsakiyar muryar jita. In ka bi su da wuƙa, har da naman za ka yanka.

Wani dare a watan Afrilu, bayan isha'i, aka ɗauke wuta. Wanda ya san Garwa ya san zafin wannan wata, ana haura 40 da rana, kwanon rufi kuma ya riƙe shi har tsakar dare. Na buɗe baki zan yi tsaki, sai na lura abin kunnen da ke kaina ya yi tsit. Fanka ta tsaya, firjin maƙwabta ya mutu, kwamfuta ta koma kan batir, akwatin kuma bai ko ƙifta ba. Na taɓa tsirkiya ɗaya, na ji ta har inda ta ƙare. Ban taɓa jin wutsiyar sautin jitata ba sai ranar.

A cikin duhu na yi ɗauka shida, gumi na ɗiga a kan katakon, yatsu suna santsi, bayan kowace ɗauka sai na sake ɗaure tsirkiya. Ta biyar na zaɓa. Washegari na gane cewa ko da wuta, in na zare caja na kashe fitila da fanka, yawancin gurnanin tafiya yake yi. Mako uku ina neman abin da ke maƙale a bango kusa da ƙafata.

Amsa-kuwwa na fara zuba wa ɗaukar da yawa a manhaja, ta zama kamar a cikin rijiya nake kaɗawa, na rage sai ɗan kaɗan. Wajen turawa ma na yi wauta: na kunna ta a lasifika na ɗauka da waya a matsayin saƙon murya a WhatsApp, duk wahalar da na sha ta bi iska. Daga baya na fitar da ita MP3, ba ta kai mega 4 ba, alhali WAV ɗin, wato fayil ɗin da ba a matse ba, ya haura 25, na tura ta a matsayin fayil. Kafin nan sai da na saurare ta a ƙaramar wayar innarmu, tunda a irinta mutanenmu za su ji.

Abokai sun yaba, amma yabon aboki ba ya cika tulu. Kawu na kai wa, yana kishingiɗe a gindin darbejiya bayan la'asar. Ya kara wayar a kunne, ya lumshe ido, babban yatsansa yana bugun cinyarsa. Da aka zo kusa da ƙarshe sai yatsan ya tsaya.

"Ɗana, a nan wa ya biyo ka?"

Na ce babu kowa, Kawu.

"A'a. Daga farko tafiya kake yi, a nan ka sa gudu."

Daidai wurin ne kwamfuta ta nuna mini batir ya kusa mutuwa. Ban faɗa masa ba. Ya miƙo mini wayar, ya ce in sake wannan gaɓar, in na gama kuma in zo da jan akwatin nan, yana so ya ji yadda garayarsa za ta fito a ciki. Garaya ba ta da ramin igiya, ni kuwa ba ni da makirfo, don haka yanzu kuɗinsa nake tarawa.