Inda kuɗin kifin banda ke zurarewa

Najeriya na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da ake samu a gida bai kai rabin haka ba. Kifin ƙanƙara, su titus da shawa da kote, da dala ake shigo da shi, kuma tun da aka bar wa kasuwa yanke darajar naira a Yunin 2023 ya yi tsada. Ya kamata a ce masuncin Doron Baga ko na Yawuri ne ya ci moriyar wannan. Bai ci ba.

Tun kafin ya shiga ruwa bashi ya riga shi. Man injin jirgi ya tashi bayan cire tallafi a Mayun 2023, zaren koma kuma daga waje yake zuwa. Dillali ne ke ba shi koma da mai, bisa sharaɗin shi kaɗai za a sayar wa, shi kuma ke yanke farashi.

Amma babbar asarar a wajen banda take, ita ce kuma ta fi damuna, domin tana da magani. Kifin da ya kwana a cikin kalli, wato ragar da ake kafawa a cikin ruwa, ya fara lalacewa kafin a ɗago shi. Idan ba a fede shi an wanke an sa gishiri da wuri ba, cikinsa ke fara ruɓewa. Sai wuta: in ta yi yawa da farko, fatar ta ƙone ta rufe, ruwa ya tsaya a ciki. A ido ya bushe, bayan 'yan kwanaki a kwali sai fumfuna. Kilo uku ko fiye na ɗanyar tarwaɗa ke ba da kilo ɗaya busasshe, shi ya sa wasu ke sauke shi da wuri don nauyi, su yi asara a hanyar Maiduguri zuwa Anaca.

Wanda ya bushe ƙayau kuma ƙwaro ke cinye shi, ko ya farfashe a mota a sayar da shi a matsayin gari. Masu fesa masa fiya-fiya guba suke sayar wa mutane.

Murhun Chorkor na Ghana, na laka ne da faifan waya da ake jerawa bisa juna, yana rage cin itace, zafi kuma ya ratsa kifin daidai. A fara da wuta kaɗan har ruwan ya tsane, a riƙa sauya faifan sama da na ƙasa, sannan a bar kifin ya huce sarai kafin a zuba a kwali.