Darussan da na ɗauka daga TempleOS da mai ita, Terry Davis

Terry Davis Ba'amurke ne, an haife shi a 1969 a jihar Wisconsin. Ya yi digiri na biyu a injiniyancin lantarki a Jami'ar Jihar Arizona, ya kuma yi aikin rubuta manhaja a kamfanin Ticketmaster. A 1996 larurar ƙwaƙwalwa ta same shi, daga baya likitoci suka ce sikizofreniya ce, cutar da ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. Yana zaune gidan iyayensa a Las Vegas ya kwashe fiye da shekara goma yana gina babbar manhajar tafiyar da kwamfuta shi kaɗai, wadda a 2013 ya raɗa wa suna TempleOS. Cewa yake Ubangiji ne ya umarce shi da gina ta. A ajiye wannan a gefe, a dubi aikin.

Mutum ɗaya ne ya rubuta zuciyar manhajar, da yaren da aka rubuta ta da shi mai suna HolyC, da kwamfailar da ke juya yaren zuwa umarnin inji, da wurin rubutu, da tsarin ajiyar fayil mai suna RedSea, har da wasanni. Duka layi dubu ɗari da 'yan kai, alhali zuciyar Linux kaɗai ta haura layi miliyan 20. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne ya fara yanke abin da ba zai yi ba, ya kuma tsaya a kai.

Allonta 640 da 480 ne, launi 16, ba ƙari. Yi lissafi: ɗigo 307,200, kowanne bit 4, ya kama bait 153,600. Allon 1920 da 1080 mai cikakken launi yana cin bait fiye da miliyan 8. Da ƙaramin allo irin wannan furosesa da kanta za ta zana komai, ba a buƙatar direba (shirin da ke sarrafa na'ura) daban ga kowane katin hoto, wanda shi ne ramin da ke cinye shekarun masu irin wannan aiki. Babu intanet, babu USB, babu kalmar sirri. Kowane ɗaya da aka cire ya tafi da dubban layuka da kurakuran da za su zo tare da su.

Darasin da ya fi zauna mini yana cikin HolyC. Yaren da kake ba kwamfuta umarni da shi, shi ne dai yaren da aka rubuta ta da shi. Ka rubuta "Sannu\n"; ka danna Enter, kalmar ta fito, babu shigo da laburare, babu aikin main. Ka rubuta Dir; sai jerin fayiloli ya bayyana, domin Dir aiki ne na yaren da ake kira ko ba alamar baka, wato (). Sunayen nau'in lamba suna faɗin girmansu: I64, U8, F64. A cikin fayil, F5 kawai za ka danna kod ya gudana. Har zane kana iya dasawa a tsakiyar kod, ya zauna a fayil ɗaya da layin da ke amfani da shi. Davis ya ce Commodore 64 yake kwaikwayo, kwamfutar 1982 da kana kunna ta take ba ka wurin rubuta shiri.

Sai dai kowane sauƙi da kuɗinsa. Windows da Linux suna ajiye shirin mai amfani a zobe na 3, wato matakin izini mai iyaka, zuciyar manhaja a zobe na 0 mai cikakken izini, kowane shiri da rumbunsa, wato nasa rabon RAM. A TempleOS kowa yana zobe na 0, rumbu ɗaya ake ci. Shi ya sa take da sauri, kana iya taɓa kowane adireshi kai tsaye. Amma manuni ɗaya, wato abin da ke riƙe adireshi a rumbu, ya kauce ya rubuta a inda ba nasa ba, kwamfutar gaba ɗaya na iya tsayawa. Haka rabon lokaci: shiri ne ke sakin furosesa da kansa ta hanyar kiran Yield. Ka manta da shi a cikin madauki, sauran ayyukan da ke kan wannan cibiya ta furosesa sai jira. A injin da ba ya haɗe da kowa, mai shi ɗaya, wannan ciniki ne mai kyau. A sabar banki kuwa ganganci ne. Wanda zai rage kaya dole ya san katangar da ya rushe da abin da take tarewa.

Mai son gwadawa kada ya sa ta a kan laftof ɗin aikinsa, yawancin injinan yanzu ba za su karɓe ta ba. A ɗauko fayil ɗin ISO, kyauta ne ga kowa ba lasisi, a buɗe shi a QEMU ko VirtualBox, manhajojin da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, a zaɓi inji mai bit 64, RAM aƙalla megabait 512, faifai irin na IDE. Aka ba ta faifai irin na SATA ba za ta gan shi ba.

Abin da ba na yarda da shi shi ne masu cewa ciwon ne ya ba shi basira. Ilimin ya riga ciwon zuwa. Abin da ciwon ya yi shi ne raba shi da aiki, ya cika bakinsa da zagi da kalaman wariyar launin fata har mutane suka guje shi, ya kai shi kwana a titi. Duk da haka in aka tambaye shi batun kwamfaila, amsarsa tsaf take fitowa. Sigar TempleOS ta ƙarshe ta fito a 2017. Ranar 11 ga Agusta, 2018 jirgin ƙasa ya buge shi a garin The Dalles na jihar Oregon, ya rasu yana da shekara 48.